Yadda Za Ku Zaɓi Manhajar Makarantar Littafi Mai Tsarki ta Dogon Hutu

Da zarar makarantun boko sun rufe a ƙarshen Yuli, majami'u da yawa a Filato, Kudancin Kaduna, Bauchi, Gombe, Adamawa da Taraba sukan tara yara na mako guda, kowace safiya ana koya musu Maganar Allah. Wasu na kiranta DVBS, wasu VBS, wasu makarantar hutu kawai. Yara ba sa wuyar taruwa, ko ba a yi sanarwa ba labari zai kai musu. Inda kwamiti yakan sha wahala shi ne a kan abin da za a koya musu. Sau da yawa sai saura mako biyu wani ya zo da littafin da ya samo a gari, ko ya turo wani a WhatsApp, kowa ya ce ba laifi, a kai a buga.

Ma'aunin da nake so ku riƙe daga farko har ƙarshe shi ne wannan: manhajar da ta dace da ku, wato tsarin darussan da za a koyar, ita ce wadda malamarku mafi ƙarancin gwaninta za ta iya koyarwa daidai, da harshen da yaranku ke ji, ranar da babu wuta, ruwa kuma yana zuba a kan kwanon rufi.

Mataki na 1: Ku san yaranku da malamanku tukuna

Kada ku buɗe littafin kowa sai kun zauna da rajistar Sande Sukul. Tun watan Afrilu ko Mayu ya kamata a yi wannan zama. Ku rubuta yawan yaran da ke zuwa kowace Lahadi, ku kuma ƙara a kai, domin a dogon hutu jikoki sukan zo wurin kakanni daga birni, yaran maƙwabta kuma sukan biyo abokansu. Idan an yi makarantar bara, rajistar bara ta fi kowane hasashe.

Sai ku raba su aji-aji: 'yan shekara 3 zuwa 5, 'yan 6 zuwa 8, 'yan 9 zuwa 12, sannan matasa. A kowane aji ku tambayi malamin da ya san su: su nawa ne ke iya karanta jimla guda da kansu? Da wane harshe suke wasa a waje? Wannan tambaya ta biyu ta fi amfani fiye da tambayar harshen da ake koyarwa da shi a makarantarsu. Yaro zai iya zama ɗan aji huɗu a makarantar Turanci, amma in ya yi fushi ko ya ji tsoro da Hausa zai yi magana, ko da Birom, Tangale, Bura ko Bachama.

Ku rubuta sunayen malamai ma, waɗanda kuka tabbata za su zo kwana biyar cur. Ɗaliban jami'a da ke gida, 'yan Zumuntar Mata, manyan 'yan Birged, malaman firamare da ke hutu. A gaban kowane suna ku sa ko ya taɓa koyar da yara. Majami'ar da ke da malamai shida ba za ta iya da manhajar da ke neman mutum ashirin ba, komai kyawunta.

Mataki na 2: Ku tsayar da mako da sa'o'i

Dogon hutu yakan faɗo a tsakiyar damina. A ƙauye yara na gona, ana maimai ana zuba taki, akwai kuma ranar kasuwa da ba wanda zai zo. Ku tambayi iyaye makon da ya fi musu sauƙi, ku duba kada ya ci karo da taron mata ko zangon matasa na gunduma. Sa'a biyu da rabi zuwa uku a rana ya isa. Sai kun san yawan kwanaki da sa'o'in da kuke da su za ku iya auna ko darussan littafi za su shiga ciki.

Mataki na 3: Ku tattaro samfuri uku, ba ɗaya ba

Ku fara daga gida. Ku tambayi ofishin ilimin Kirista na ɗarikarku, ko ECWA ce, ko COCIN, EYN, LCCN, HEKAN, Baptis ko Angilika, ko akwai jigon bana ko littafin da suka tanada. In akwai, shi ne samfuri na farko, kuma in ɗarika ta wajabta shi to aikinku ya koma yadda za ku daidaita shi da yaranku.

Na biyu ku leƙa shagunan littattafan Kirista, irin su Challenge, ko ACTS da ke Bukuru kusa da Jos, ku kuma tuntuɓi ƙungiyoyin da aikinsu ke nan, kamar CEF (ƙungiyar yi wa yara bishara) da Scripture Union. Na uku shi ne wanda ake samowa daga intanet ko wani ɗan'uwa ya aiko daga waje.

Kan wannan na ukun akwai abin da ya kamata ku sani. A Amurka aka fara irin wannan makaranta a ƙarshen ƙarni na 19, ɗaya daga cikin na farko ita ce wadda wata 'yar majami'ar Baptis ta buɗe wa yaran birnin New York a 1898. Har yau manyan kamfanonin can, kamar Lifeway, Group da Concordia, suna fitar da sabon jigo kowace shekara, da waƙoƙi da bidiyo da kayan ado. An shirya su ne domin majami'ar da ke da ɗakuna da yawa, da majigi, da wutar da ba ta ɗaukewa, yara suna zagayawa daga ɗakin labari zuwa na waƙa zuwa na aikin hannu. Ba laifinsu ba ne, don mutanensu suka rubuta. Ku dai ku duba nawa ne zai rage a cikin littafin idan aka cire bidiyon da adon.

Mataki na 4: Ku karanta darasin tsakiya da Littafi Mai Tsarki a buɗe

Nan ne za ku daɗe, kuma nan ne ya kamata ku daɗe. Kada ku yanke hukunci da bango ko da darasin farko, domin marubuci yakan zuba ƙarfinsa a na farko. Ku buɗe na rana ta uku. Mutum ɗaya ya karanta nassin da ƙarfi daga Littafi Mai Tsarki, wani ya karanta yadda manhajar ta ba da labarin, sauran su saurara.

Abu na farko da za ku saurara: an ƙara abin da nassi bai faɗa ba? Ba laifi a ce rana ta yi zafi ko tumaki suna kuka don labari ya yi daɗi. Amma idan an sa wa Yesu magana a baki wadda bai faɗa ba, ko an canza dalilin da ya sa abu ya faru, ku ja layi a wurin. Abin da yaro ya ji yana shekara bakwai yakan riƙe shi a matsayin nassi har ya girma.

Abu na biyu: wane ne jarumin darasin? Ku ɗauki labarin Dawuda da Goliyat a 1 Sama'ila 17. Wata manhaja za ta ƙare da cewa ka zama jarumi kamar Dawuda, ka kashe Goliyat ɗinka. Amma Dawuda da bakinsa ya ce a aya ta 47 yaƙin na Ubangiji ne, ba da takobi ko mashi yake ceto ba. Yaron da aka koya masa na farko zai koma gida da nauyi a kansa, ya yi ƙoƙari ya kāsa. Wanda aka koya masa na biyu zai koma gida ya san Allah yana ceton mutanensa ta hannun wanda ya zaɓa, daga nan kuwa hanya a buɗe take zuwa ga Yesu. Idan dukan darussa biyar sun ƙare da "ka yi biyayya, kada ka yi ƙarya, ka taimaki mama", to tarbiyya ce mai kyau, amma ba a yi bishara ba tukuna. Ni ba zan sayi manhajar da yaro zai gama ta bai ji sarai cewa Almasihu ya mutu domin zunubanmu, an binne shi, ya tashi a rana ta uku ba.

Abu na uku: darussan suna da zare ɗaya da ya haɗa su? Ku tambayi junanku, in uba ya tare ɗansa ranar Jumma'a ya ce me aka koya muku duk makon nan, wace jimla ɗaya yaron zai faɗa? In ku manya kun kāsa samo jimlar, yaro ma ba zai samo ba.

Abu na huɗu shi ne koyarwar ɗarikarku. Lutheran da Angilika da Katolika suna yi wa jarirai baftisma, ECWA da Baptis da EYN kuwa sai wanda ya ba da gaskiya da kansa. Littafin da aka rubuta wa ɗaya zai iya rikita yaran ɗayan. Haka batun Jibin Ubangiji, da baye-bayen Ruhu, da ƙarshen zamani. Ku yi hattara da duk darasin da ke yi wa yaro alkawarin cewa in ya ba da baiko ko ya yi addu'a zai yi arziki, ko ba zai taɓa ciwo ba. A cikin ajin akwai wanda ya yi addu'a mahaifiyarsa ta warke, ba ta warke ba.

Abu na biyar: yadda manhajar ke kiran yara ga tuba. Ku guji wadda ke tsoratar da ƙananan yara da wuta har su ɗaga hannu don tsoro, da wadda ke cewa kowa ya maimaita addu'a sannan a ƙirga kawuna a kai rahoto. Mai kyau takan ce duk wanda yake da tambaya ya tsaya ya ga malami bayan aji, ta kuma nuna wa malamin yadda zai yi magana da yaro a fili, inda wasu manya ke ganinsu.

Sai kuma yaran da rikici ya raba da gidajensu, waɗanda ke zaune a majami'unmu da yawa yanzu. Wasan kwaikwayo da takobin katako da ihun yaƙi abin dariya ne ga wani yaro, ga wani kuwa tuna masa daren da suka gudu ne. In kuna da irin waɗannan yara, ku duba kowane wasa da kowane hoto da idonsu.

Mataki na 5: Harshe da ayoyin haddacewa

Idan manhajar da Turanci take, yaranku kuma Hausa suke ji, ku yanke shawara yanzu wa zai juya ta, kuma a rubuce. Kada a bar wa kowane malami ya riƙa juyawa a tsaye a gaban aji, domin a nan ne koyarwa ke karkacewa. Ku ba mutum biyu da suka iya harsunan biyu, fasto ya duba abin da suka yi.

Ayoyin haddacewa kuwa ba a juya su da ka. A ɗauko su daga Littafi Mai Tsarki na Hausa da ake karantawa a bagadinku. Tun daga fassarar 1932 zuwa ta 1979 zuwa Sabon Rai Don Kowa kalmomi sun sha bamban, don haka ku zaɓi guda ɗaya ku tsaya a kanta, kada aji ɗaya ya haddace wani abu, na kusa da shi ya haddace wani, ranar rufewa a rasa yadda za a faɗa tare. 'Yan shekara 3 zuwa 5 rabin aya ya ishe su duk mako, da tafi da motsin hannu. Manya za su iya aya guda kowace rana.

Ku lura da misalan da ke ciki ma. Dusar ƙanƙara, wasan ƙwallon da ba a yi a nan, da abincin da yaro bai taɓa gani ba, duk a sauya su da abin da ya sani. Yaron da ke kiwon awaki ya riga malaminsa gane labarin ɓatacciyar tunkiya a Luka 15. Waƙoƙi kuma ba dole sai na cikin manhaja ba: ku zaɓi biyu ko uku daga Littafin Waƙoƙi da gajerun waƙoƙin da yara suka saba, waɗanda suka dace da jigon, ku ƙara sabuwa guda ɗaya.

Mataki na 6: Kayan aiki da lissafin kuɗi

Ku ɗauki takarda ku bi darussan ɗaya bayan ɗaya, kuna rubuta duk abin da aka ce a tanada. A gaban kowanne ku sa ɗaya daga cikin uku: muna da shi, ana samu a kasuwarmu, ko babu. In "babu" ta yi yawa, ku duba ko akwai madadi. Yumɓu yana maye gurbin abin mulmulawa na kanti. Da karan dawa ana yin gida, da jirgi, da gicciye. Tsohon kwali, murafun kwalba, gawayi, ƙyallayen da tela ya zubar, duk kayan aikin hannu ne. Littafin nan marar rubutu da CEF ke amfani da shi, mai launi biyar, da ƙyalle za ku iya ɗinka shi: ruwan zinariya, duhu, ja, fari da kore. Ku ce wa shafin zunubi duhu, ba baƙi ba, kada wani yaro ya dubi fatarsa ya yi wani tunani.

Abin da ya fi cinye kuɗi a ɓoye shi ne buga takardu. Yara 120, kowa shafi ɗaya a rana, kwana biyar, shafi 600 ke nan, ban da na malamai. Ku je wurin mai buga takardu ku tambayi farashin yau, ku ninka. Ku duba shafin farko na littafin kuma ku ga ko mawallafi ya yarda a kwafa. Wasu sun yarda majami'ar da ta saya ta kwafi wasu shafuka, wasu ba su yarda ba. Ba daidai ba ne mu koya wa yara kada su yi sata da takardar da muka kwafa ba izini.

Kada kuɗin littafi ya cinye na abinci. Yaron da ya fito bai karya ba ba zai ji labari ba. Kunu da ƙosai, ko zoɓo da cincin, da ruwan sha mai tsabta, da sabulu da bokiti a bakin ƙofa, su shiga lissafi tun farko, musamman da yake damina lokacin zazzaɓi ne da amai da gudawa.

Mataki na 7: Ku gwada kafin ku saya da yawa

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Ku rage samfuran zuwa biyu. Ku ba malama mafi sabunta darasi ɗaya daga kowanne tun ranar Laraba, kada kowa ya taimaka mata. Ranar Lahadi ta koya wa yara takwas ko goma a gefe, biyu daga cikin kwamiti su zauna a baya su yi shiru.

Ku kalli hannunta da idonta. In ta manne da littafin tana karantawa layi-layi, kanta a sunkuye, darasin ya fi ƙarfinta. Ku kalli yaran: a minti na nawa na baya suka fara tsunkulin juna? In kwano ya fara amo da ruwan sama har murya ba ta kai bayan aji, akwai abin da za ta iya yi da hoto ko waƙa ko motsi, ko kuwa komai ya tsaya? Da aka gama, ku kira yaro ɗaya ku ce, "Ɗana, ba ni labarin da malama ta ba ku." Sannan ku tambaye shi, "Me ka koya game da Allah?" Ita ma ku tambaye ta sa'a nawa ta yi tana shiri, da inda ta rasa gane abin da littafin ke nufi.

Mataki na 8: Ku kai wa fasto da dattawa

Ku je da littafin da kuka zaɓa, da shafi guda da ke ɗauke da jigo, nassoshi biyar, ayoyin haddacewa, jimlar kuɗi, da wuraren da kuka ja layi a mataki na huɗu. Ku ce, "Baba, ga abin da muka gani, ga inda muke neman shawararka." Ku bar masa littafin mako guda. A wannan zaman ne za a amince da dokokin tsaro: manya biyu a kowane aji, rajistar shiga da fita, da sunan wanda zai zo ɗaukar ƙananan yara.

A nan ne kuma za a tsayar da maganar yaran maƙwabta. Duk yaron da iyayensa ba 'yan majami'a ba ne, musamman in Musulmi ne, sai an je an gaya wa iyayen abin da ake koyarwa ba ɓoye-ɓoye, sun kuma yarda. In ba su yarda ba, a mayar da yaron gida da mutunci. Duk darasin da ke zagin addinin wani ko raina shi, a cire shi tun kafin a buga.

Idan babu wanda ya dace

Kuna iya tsara naku, kuma bai kai wuyar da ake tsammani ba in kun tsaya kan labari ɗaya. Ku ɗauki Yusufu, jigon ya zama "Allah yana tare da mu, yana kuma juya mugunta ta zama alheri". Litinin, Farawa 37: riga, mafarkai, rijiya. Talata, sura 39: gidan Fotifar da kurkuku, inda nassi ya yi ta maimaita cewa Ubangiji yana tare da Yusufu. Ga ƙanana ya isa a ce matar ta so ya yi abin da Allah ya hana, ya ƙi, ta yi masa ƙarya. Matasa kuwa a yi musu maganar a fili, maza daban mata daban. Laraba, sura 40 da 41: mafarkin Fir'auna, shekaru bakwai na ƙoshi da bakwai na yunwa, abin da ɗan manomi ya sani sarai in aka kawo maganar rumbu. Alhamis, sura 42 zuwa 45: 'yan'uwa sun zo sayen hatsi, Yusufu ya bayyana kansa, ya gafarta. Jumma'a, Farawa 50:20, daga nan a kai su ga Yesu, wanda nasa suka ƙi, aka sayar da shi da azurfa, ta wurin mutuwarsa da tashinsa kuwa mutane da yawa suka tsira.

Kowace rana shafi biyu sun isa: nassi, jimla ɗaya ta gaskiyar ranar, labarin a rubuce da sauƙin harshe, tambayoyi uku na ƙanana da uku na manya, aya, waƙa, da aikin hannu.

Ko saye kuka yi ko rubutawa, ku tara malamai Asabar biyu kafin a fara, kowa ya koyar da darasi ɗaya a gaban 'yan'uwansa a gyara masa. A cikin makon kuma ku ajiye littafin rubutu guda a ofis, kowane malami ya rubuta layi biyu kafin ya tafi gida: abin da yara suka kama, da abin da ya ƙi tafiya. Ranar rufewa a haɗa shi da rajista, da lissafin kuɗi, da kwafi ɗaya na manhajar, a ba sakataren majami'a ya ajiye wa kwamitin baɗi.